Sallamar Da Ban Zo Na Yi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. A ɗakinki na Ƙofar Dumi nake rubuta wannan, an yi sadakar arba'in ɗinki shekaranjiya, baƙi duk sun watse.

Ni ce 'yarki ta fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Alkunyar Fulani kika gada, kika riƙe ta gam ko da aure ya kawo ki birni. In za ki aike ni, sai ki dubi bango ki ce, "Wata ta zo ta ɗebo ruwa." Da na fara aikin talabijin ina bin namun daji da kyamara, sai na koma "waccan ta cikin akwati".

Daga daji aiki ya kai ni teku. 'Yar Bauchi da ko a dam ɗin Gubi ba ta taɓa tsoma ƙafa ba, ita ce ta koyi nutso da tulun iska a baya, tana bin masunta tana roƙon su daina kashe ayu da kunkurun teku. Da labari ya iso miki, kika ce wa ƙanwarki Yafendo, "Mutane na neman man ayu, ita tana nema masa tsawon rai." Amma ƙanena Sabo ya tona miki asiri. Ya ce duk ranar da za a nuna shirina, tun la'asar kike sa a duba janareta, sannan ki zauna ki ba talabijin ɗin gefe, wai tsince shinkafa kike yi.

Abu ɗaya ne bai taɓa yankewa tsakaninmu ba. Ba na barin ƙasar nan sai na zo na durƙusa na ce ki yafe mini. Ba kya kallona. Sai ki ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya, a sauka lafiya." Da wannan nake shiga ruwan da ba a ganin ƙarshensa, gabana bai taɓa faɗuwa ba.

Sai wannan tafiyar. Lokacin da kunkuru ke fitowa yin ƙwai ya matso, jirgin ruwan da zai kai mu tsibirin da suke fitowa kuma ba zai jira ni ba. Daga Abuja inda nake zaune zuwa Bauchi da komawa kwana biyu ne, na ga kamar ba ni da su. Na kira Sabo, ya ce ƙafafunki sun kumbura, kina kwance. Na tambaye shi ko kin ce in zo, ya ce ba ki ce ba. Da wannan na fake na hau jirgi.

Inna, wa na yaudara? Matar da ba ta faɗin sunana, ta yaya za ta ce a kirawo ni? Baƙo ne zai yi wannan kuskuren, ba ni ba. Ni da nake wuni cikin kwalekwale ina duban motsin ruwa har in gane ayu na ƙasa, ba zan ce ban gane shirunki ba. Na gane. Son tafiyar ne ya fi ƙarfina, kuma ina jin kunyar faɗa.

Mako uku babu waya. Ranar da muka matso gaɓa saƙonni suka yi ta shigowa, a lokacin kin kwana tara a ƙasa.

Yafendo ta ba ni labarin ranar ƙarshe. Ta ce da hantsi kika sa aka tara 'ya'yanki, kika bi su ɗaya bayan ɗaya da suna. Kika yafe wa Sabo, kika yafe wa Habiba, kika yafe wa auta. Daga nan kika ƙura wa ƙofa ido, har barci ya ɗauke ki. Ba ki ƙara magana ba.

Kowa na ce mini alkunya ce, da ma ba za ki ambace ni gaban mutane ba. Na sani. Sai dai duk sauran tafiye-tafiyen ni nake zuwa in nema, ki ba ni. Wannan karon ban nema ba, kuma babu wanda ya ji kin bayar. Wannan shi ke cina, Inna, fiye da rashin ganin gawarki.

An kira ni wani sabon aiki, na ce su nemi wata. Ba tsoron ruwa nake yi ba. Ban san gaban wanda zan durƙusa ba.

Ya Allah Ka jiƙan Innata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ka sa Aljanna ce makomarta. In kuma ta tafi da wani abu a ranta game da ni, Ka cire mata shi, Ka haɗa mu inda zan samu in durƙusa.

Ki yafe mini, Inna.

Wassalam,
'Yarki ta fari.