Kira Uku a Bakin Kabari

Ƙauyen Solgol, lokacin shukar masara

Zuwa ga ɗana, Baban Yerim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kana samun abin sawa a baki, kuma ƙugunka bai riga ya sandare a kan wannan ƙarfen ba. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa. Matarka ce ke rubuta wannan, ta zo mini da magani daga Wonju. Na ce ta sa kowace kalma yadda ta fito daga bakina, kada ta shafa mata mai. Ta ce za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka ta waya.

Ta nuna mini kai a wayar. Ga ka can tsaye a bakin wani tafki a Rasha, ka ware hannuwa sai ka ce hankaka na shan rana, hular kwano a ka. Namiji mai furfura, mai 'yar da ta isa aure! Wai tafkin ya fi kowane tafki zurfi a duniya. To sai me? Ka shiga ne? Ka kamo kifi? Ka tsaya, ka ware hannu, ka koma kan babur.

Ranar da muka raka ka tashar jirgin ruwa a Donghae ban so in yi magana ba, don akwai mutane. Waɗannan abokan naka masu baƙaƙen rigunan fata suna ta tafi, suna cewa, "Yaya, kai jarumi ne! Kai kaɗai har ƙarshen ƙasa!" Jarumi. A zamaninmu in namiji ya bar aikinsa da matarsa da tsohuwarsa ya kama hanya ba dalili, wani suna daban ake kiransa da shi. Na tambaye ka, me ka yar a can da za ka je nema? Ka ce, "Inna, kaina zan je nema." To ai kanka yana nan cikin kwano, na gan shi da idona, har da igiya a haɓa don kada ya faɗi.

Yanzu ga abin da ya sa na sa a rubuta. Masu hanya sun zo. Sun kakkafa jajayen tutoci a kan tudun bayan gari, ɗaya ma a gefen kafaɗar babanka. Hanyar da za su faɗaɗa ta kan kabarinsa za ta bi, kuma sun ce kafin sanyi za su shigo da injuna. Hanya ce wai don masu yawon buɗe ido, irinku ke nan. Na kira Tsoho Pyo mai aikin kaburbura, ya duba, ya ce bana mun yi sa'a, watan shida zai maimaita kansa. In ka manta, tunda kai mai ilimi ne, a wannan watan wofi ne iskokin sama da na ƙasa ke tashi daga gadi, a taɓa kabari ba abin da zai biyo baya. In ya wuce, sai bayan shekaru, injuna kuma ba sa jira.

Ka san ba a buɗe wa mamaci ɗaki haka kawai. Babban ɗa ne ke tsayawa a kai, ya ɗaga murya sau uku ya ce pamyo, wato za a buɗe kabari, don mai gidan ya ji muryar da ya sani kada ya firgita, sannan ya sara fartanyar farko. Ɗa namiji ɗaya na haifa. Ka juyo da hancin babur ɗin nan, ko ka jingine shi a wani wuri ka hawo jirgi.

Yerim na gaishe ka. Matarka ba ta ce in gaishe ka ba, na dai ga bakinta ya motsa.

Mahaifiyarka,
Kang Malsun

Solgol, masara ta fara bunni

Baban Yerim,

Ina gaisuwa. Ya gajiyar zama? Don ban ga abin da kake yi ba ban da zama, ƙarfe na tafiya da kai. Ina fatan cikin da ya ɓaci a Mongoliya ya daidaita. Duk ƙauye ya san da zancen cikin nan, tunda kai da bakinka ka faɗa wa duniya.

An karanta mini amsarka, na sa aka maimaita don na ɗauka kunnena ne. Wai ba za ka iya barin ƙasar da kake ba tare da babur ɗin ba, don takardarsa a haɗe take da taka. Wai in ka dawo yanzu dusar ƙanƙara za ta rufe wani dutse kafin ka koma, tafiyar ta lalace. Oho! Ashe aure kuka yi kai da shi. Da ka faɗa mana ai da mun zo biki.

Jiya a ɗakin tsofaffi Punrye ta gidan injin niƙa ta kunna mana kai a wayarta. Ka san ta, bakinta ya fi injin nasu ƙara. Ga ka cikin tanti, kana cin taliyar leda, kana share hawaye, kana cewa wai faɗin jejin nan ya tuna maka da mahaifinka. Punrye ta ce, "Ke, ɗan naki akwai tausayi! Dubi yadda yake kukan ubansa. Shi uban a Mongoliya aka binne shi?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Na ce mata, "Naki ɗan fa, ya fito daga gidan cacar ko sai an aika masa da bargo?" Nan take ta kashe wayar. Amma da na dawo gida tuwon dankalin ma kasa cinsa na yi.

Kana gaya wa mutanen waya wai ka sha wuya. Bari in gaya maka tafiya. Ina 'yar ƙarama muka baro Hweyang a tsakiyar sanyi, lokacin yaƙi, ni da uwata, ita da tukunya da bargo a ka, ni da ƙanena a goye. Takalmin ciyawa ne a ƙafata, da ya tsinke aka naɗe ƙafar da tsumma. Ba wanda ya tafa mana. A hanya yaron ya daina kuka. Ƙasa ta ƙi haƙuwa don ƙanƙara, uwata ta jera masa duwatsu a gefen hanya, ta ce kada in waiga. Har ta mutu ba ta san inda za ta je ta zuba masa ko ruwa ba. Shi ya sa da babanka ya rasu na ce a sa shi inda zan riƙa ganinsa daga gonar dankali. Shi kuwa bawan Allahn nan, in ka cire soja, bai taɓa wuce Wonju ba, kuma ban taɓa jin ya ce kansa ya ɓata ba.

Ka san wa ke yanke ciyawar kabarin nan duk kaka? Ƙanwarka Kyongja. Ta rufe shagon miyarta a Taebaek, ta zo da lauje, ta yi aikin, ta koma da ƙuraje a hannu. Kai sai ka iso da rana tsaka da kwalin lemo, ka rusuna sau biyu, ka ce hanya ta cushe.

To, batun dabararka ta yin kiran ta waya. Na kai wa Tsoho Pyo. Ya daɗe yana sosa ƙeya, ya ce shi tun da yake bai taɓa gani ba, amma dai murya murya ce, in ba yadda za a yi. Na yarda, ba don ya yi mini daɗi ba. Matarka za ta gaya maka ranar. Ka cire kwanon nan, ka wanke fuska, ka sa riga mai tsabta, ka fuskanci gida in har ka san ta inda yake. Kira uku ne kawai, Dokhwan. Ko akuya ta iya.

Ka huta lafiya.

Mahaifiyarka,
Kang Malsun

Solgol, ƙarshen watan wofi

Zuwa ga Om Dokhwan,

Ina gaisuwa, da fatan kai da babur kuna lafiya. Mu nan an gama aiki. Matarka ta ce ka yi ta kira ba a ɗauka ba. Ni na hana. Tunda ba ka ga ƙarshen abin ba, bari in ba ka labari, ka samu na ba mutanenka.

Da sassafe muka hau tudun, ni da Kyongja da matarka da Tsoho Pyo da ma'aikatansa. Inda gwiwata ta ƙi, Kyongja ta goya ni, tana haki tana cewa, "Inna, ke da kike cewa ba kya cin abinci, wannan nauyin na mene ne?" Aka fara ba iskan da ke gadin tudun haƙƙinsa, busasshen kifi da giyar shinkafa, sannan aka zuba wa babanka nasa. Matarka ta ɗaga waya a kan kabarin da hannu biyu, sai ka ce mai riƙe da hoton mamaci.

Ka fito. Gaskiya ka cire kwanon, rigar ma fara ce. Bayanka ga wani dutse mai farin kai. Har zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce a raina, to, ɗan nan dai bai lalace duka ba.

Tsoho Pyo ya ce, "Babban ɗa, muna jinka."

Sai ka ce, "Ku ɗan dakata, rana na bayana." Ka matsa. Ka sake matsawa. Na ga idonka ba a kanmu yake ba, yana can gefe, kana gyara wani abu a kan sanda. Sai ka gyara murya ka ce, "Jama'a masu bibiyata, yau rana ce mai nauyi a gare ni."

Kyongja ta ce, "Yaya, da wa kake magana?"

Ka ɗaga mata hannu wai ta yi shiru. Ka sunkuyar da kai, ka ɗago, ka ce pamyo da wata 'yar murya mai rawa. Ma'aikata suka cire huluna. Muna jiran na biyu, sai ka ce, "Kai, iska ta shiga ciki. Bari in sake daga farko."

In sake! Tsoho Pyo ya juyo ya dube ni, fartanya a hannu, ya ce, "Iya, wannan na ɗaya ne ko gwaji ne? Don shi na ƙasa ya riga ya ji, ya tashi zaune." Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya juya baya, kafaɗarsa na rawa. A gaban kabarin mijina ake ƙunshe dariya, kuma ban ga laifinsa ba.

Na karɓi wayar daga hannun matarka. Ban san inda ake kashe ta ba, sai na jefa ta cikin kwandon kayan abinci na kife kwano a kai. Muna jinka kana ta "Inna? Inna?" daga ƙarƙashin kifi.

Na ce, "Kyongja, zo nan."

Tsoho Pyo ya ce, "A'a, Iya. 'Ya mace da ta yi aure ai ta gidan wasu ce. Ba a taɓa yi ba."

Na ce, "Ta waya fa, an taɓa yi? Ba kai ka ce murya murya ce ba? Ba muryar da ya sani ake so ba? Wannan ce ke zuwa ta zauna nan tana aske masa ciyawa tana ba shi labarin tsadar kabeji. In ya ji wancan ma sai ya tambaya wane ne."

Tsoho Pyo ya juya wajen Kyongja. Ya miƙa mata fartanyar da hannu biyu.

Kyongja ta tsaya a kan babanka, fuskarta ta yi ja. Ta ce, "Inna, ban iya ba." Na ce, "Yadda kike kiran miya a shago." Ai kuwa ta saki murya. Pamyo! Sai da tsuntsaye suka tashi daga bishiyoyi. Ta yi na biyu, ta yi na uku, sannan a hankali ta ce, "Baba, ni ce, kada ka firgita, gida za mu sake maka." Ta sara ƙasa. Ba wanda ya ƙara yin dariya.

Ƙasusuwansa sun fito tsaf, rawaya kamar cikin dankalin Hausa, ba ruwa, ba saiwa. Tsoho Pyo ya ce rabon da ya ga irinsu an daɗe, wurin ya riƙe shi da kyau. Aka jera su a farar takarda tun daga kai har ƙafa. Kyongja ce ta rungumi akwatin har sabon wuri, can saman gonarmu inda hanya ba za ta kai ba. Matarka na biye da ita da laima don kada rana ta taɓa shi.

Na sa an bar fili a gefensa na hagu, nawa ne. Kuma a gaban dagaci da Tsoho Pyo na faɗa, su ne shaidu: ranar da na mutu Kyongja ce za ta ɗaura ƙyallen babban mai makoki a hannu, ita za ta tsaya a ƙofa ta karɓi gaisuwa, ita za ta zuba ƙasar farko. Kai in ka samu zuwa, za a ba ka wuri a tebur, a kawo maka miya da shinkafa kamar kowane baƙo. Matarka ta ajiye alƙalami tana kallona. Na ce ta ɗauka ta rubuta.

Tun ranar da na haife ka mutanen ƙauyen nan suka manta sunana, Uwar Dokhwan suke ce mini. Jiya a ɗakin tsofaffi na gaya musu su canja. Punrye ta ce bakinta ya riga ya saba. Na ce to ta kira, ta ga ko zan waiga.

Kada ka yi gaggawar dawowa, ba abin da ke jiranka. Ka gaishe da masu bibiyarka.

Ni ce,
Uwar Kyongja