Yawun Kaka Urshule

Litinin, 14 ga Satumba, 1936
Yau aka kwaso karan lilin, wanda ake zare da ɓawonsa, daga kududdufin da aka jiƙa shi. Wari kamar mushe, har cikin miyar dankali. Kaka Urshule ta ce, "Toshe hancinki, 'yar birni, rigar jikinki ma daga nan ta fito." Ni da na baro makaranta a birnin Kaunas na zo jinyarta!

Alhamis, 19 ga Nuwamba
Ta fara kaɗi a kekenta na kaɗi. Tana lasar yatsa tana murza zare, wai sai da yawu yake kamawa. Leɓenta na ƙasa ya zazzago don shekaru na lasa. Ashe zanen gadon da nake kwana a kai duk yawu ne.

Asabar, 5 ga Disamba
Na tambaye ta zaren mene ne wannan. Dogon ƙyallen da za a zura akwatin gawarta cikin kabari, in ji ta. Na ce a sayo a kanti mana. Ta harare ni. "Uwata da nata aka sauke ta. Ni ce za a sauke da na kanti kamar mara kowa?"

Talata, 12 ga Janairu, 1937
Ciwon ya busar mata da baki. Zare sai tsinkewa yake yi. Na kawo mata ruwa a kofi ta riƙa tsoma yatsa, ta ture. "Ruwa ba ya riƙe zare, ja'ira. Ara mini bakinki." Allah ya kiyaye. Na fice.

Jumma'a, 15 ga Janairu
Ba ta ci komai ba. Na same ta tana ta lasar yatsa, babu ko danshi.

Laraba, 24 ga Fabrairu
Ƙyallen bai kai ba, saura kamu huɗu. Kawu Kazimieras ya ce a ƙarasa da igiya, wa zai lura. Shi ya fi kududdufin ba ni ƙyama.

Talata, 9 ga Maris
Mun sauke Kaka cikin kabari jiya. Ƙyallen ya kai har ƙasa. Maƙwabciyarmu Domicele, wadda ta saƙa, ta shafa ƙarshensa ta ce zaren nan kauri gare shi, ba hannun Urshule ba ne.
Ɗacin lilin da na lasa bai bar harshena ba, kuma leɓena ya tsage. Ƙazantar aiki dai.
Akwai sauran lilin a kan keken kaɗin. Ba kyau a bar shi ya lalace.