Ganyen da na zaɓo da hannuna

Talata, 1 ga Rajab 1332
Baƙar akuyata ta mutu da hantsi, tana rawar jiki, baki duk kumfa. Jiya lafiyarta ƙalau. Saura biyu, kuma ja ɗin ce kaɗai ke da nono. Shi 'yata Uwani ke sha tun da uwarta ta rasu, wata biyar ke nan.

Alhamis, 3 ga Rajab
Ba ruwa, ba harawa a garin nan. Ganye nake saye wurin Sabo mai jaki, da yake kawowa daga dajin kudu. Ni nake zaɓa da kaina, baƙin maƙarfo zalla. Maƙwabcina Gwadabe ya leƙo ta katanga, wai "Malam Salihu, ina kake samo ganyen nan?" Ina ruwansa? Bara ya zo unguwarmu ta Dukawuya daga ƙauye, har ya san abin da ke cikin gidana.

Juma'a, 4 ga Rajab
Ta biyu ta bi. Innalillahi! Wannan da hannu a ciki, ko an ƙi ko an so.

Lahadi, 6 ga Rajab
Na dawo daga masallaci na tarar da Gwadabe a zaurena, yana tsintar wasu rassa daga damin yana jefarwa waje. Na ce ya fita. Ya ce in tsaya in ji, na ce ban ji. Yayata Tani, da ke riƙe Uwani, ta ce, "Kai dai zuciya za ta kashe ka." Ta hana ja ɗin ganyen, ta ba ta dusar da muke tattali. Gobe sai gaban mai unguwa. Tsoro nake ji, wallahi. In ja ta mutu, me yarinyar nan za ta sha?

Litinin, 7 ga Rajab
A gaban mai unguwa Gwadabe bai yi rantsuwa ba, reshe biyu ya ajiye daga damina. Ya ce in nuna maƙarfo. Na ce duka biyun. Ya juya kan reshen: ɗaya tohonsa ja ne, da gashi-gashi kamar tsatsa, ɗayan babu. Ya ɗaga marar gashin, ya ce, "Wannan samberu ne, Malam, guba ne. A garinmu raƙumi ma yana kayarwa." Na ce ai ni ma na sani, idona ne bai gani sosai ba. Ƙarya nake.

Laraba, 9 ga Rajab
Ja na nan, Uwani ta sha ta yi barci. Sabo ya kawo dami, shi ma ashe bai san bambancin ba. Na tsaya a kansa har rana ta yi zafi, na kasa ɗaukar ko reshe ɗaya. Na aika Tani ta kira Gwadabe.

Ya zo ya tsuguna yana warewa. Reshen samberu bakwai ya fitar. Da ni ne, da biyar daga ciki na zuba wa ja.