Zuwa Ga Yaya Bitrus, Wanda Ya Zubar Da Maganin Baba

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Saratu da yara, da aikin bariki. Mu nan Zuru muna yadda ka bar mu. Iyakar gaisuwar ke nan, abin da ya rage ba mai daɗi ba ne.

Sau huɗu ina zuwa rumfar waya ta bakin kasuwa ina kiran ka. Da ka ji muryata sai ka ce layi ba kyau, ka kashe. Shi ya sa na rubuta a fili kowa ya karanta, tunda idon mutane ya fi maganata tasiri a wurinka.

Ni na raka Baba asibiti lokacin da ƙirjinsa ya fara nauyi. Aka ce ya dawo da safe bai ci komai ba, aka ɗebi jininsa. Likita ya ce kitse ya yi yawa a jinin, yana taruwa a jijiyoyi yana matse hanyar zuciya, ga suga ma ya fara hawa. Ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce a rage manja da man shanu da nama mai kitse. Baba ya bi. Wata biyar yana bi, har ya koma hawa tudun gonarmu ba ya zama hutu a tsakiya.

Sai ka zo Kirsimeti da rago da sabon kaki. Ka ɗauki ledar maganin a kan taga kana dariya, ka ce, "Tsohon soja kamar sanda, ina kitsen yake?" Ka zagaya bayan rumbu ka zubar, ni kaɗai ina kallo. Da na yi magana ka ce malamar firamare ba ta isa ta koya wa maza cin abinci ba. Da hannunka ka yanko masa wurin da ya fi kitse. Baba bai taɓa musa maka ba tun da ka sami igiya biyu. Na sake karɓo wani maganin, ya ƙi sha, ya ce Bitrus ya duba shi, lafiyarsa lau.

Farkon damina ya faɗi a gona da hantsi, garma na hannunsa. A kan babur aka ɗauko shi, Mama na riƙe da shi ta baya. Bai kai ƙofar asibiti da rai ba.

Kai sai bayan kwana biyu da rufe shi ka iso. Ka tsaya a tsakar gida kana gaya wa masu ta'aziyya wai jifa aka yi masa, har ka ambaci sunan maƙwabcin gonarmu, mutumin da ya saɓo shi a kafaɗa zuwa bakin hanya. Har yau ba na iya haɗa ido da bawan Allahn nan a coci. Ba wanda ya jefi Baba, Yaya. Na ga hannun da ya zubar da maganin.

Likitan ya ce abin yakan bi gida, 'ya'ya su gwada ko da ramammu ne, don ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Na gwada, nawa ma ya hau. Shekara uku ke nan ina shan ƙwaya, miyata ba ta ƙyallin mai, da ƙafa nake zuwa makaranta. Rashin soye bai kashe ni ba.

Makon jiya Saratu ta kira ni a wayar maƙwabta tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce a faretin safe ka tsaya ka dafe ƙirji, ka ce olsa ce. Ta ce benen ofis sai ka huta kake ƙarasa shi, ga yawan ƙishi da fitsari. Kada ka yi mata faɗa, tsoron takaba ne ya sa ta. Asibitin bariki yana bayan gidanka. Me ya hana ka shiga, in ba gudun a ce da ma ƙanwarka Rahila ta faɗa ba?

Shekara uku na rufa maka asiri a wurin Mama. Ba ta karatu, amma na san kafin Lahadi wani zai karanta mata wannan. Na auna, na ga gara ta yi fushi da kai kana raye.

Kai ne ka riƙa goya ni ka tsallakar da ni rafi idan ruwa ya kawo, takalmana rataye a wuyanka. Ban manta ba, kuma shi ya sa abin ya fi ƙona ni. Wa ɗaya gare ni, ko mai taurin kai ne ba ni da wani. Gobe kada ka karya kumallo, ka je a ɗebi jinin.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba Mama haƙurin abin da za ta ji. Kai kuma Ubangiji ya sa maka tsoro, tun yana da amfani. Amin.

Ƙanwarka da ba ta yafe ba tukuna,
Rahila