Ranar da Hantsi Ya Riski Baba a Kwance

Cochrane, ƙarshen Janairu, tsakiyar lokacin zafi a nan kudu.

Zuwa ga ƙanena Nibaldo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yasna da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare maka ƙirji daga ƙurar ma'adinan Calama da kake shaƙa kullum. Mu nan kowa ƙalau. Maigidana Aladino ya gama askin tumaki, Gwaggo Clorinda kuwa ƙafar ce dai har yanzu, amma bakin nan nata ko gezau.

Ka tambaye ni a waya ko jakar barcin da ka aiko wa Baba ta yi amfani, na yi ta kewaye-kewaye. To ga gaskiya: mun musanya ta. Kada ka kumbura tukuna, na san halinka, karanta ka ji. Tun lokacin sanyi Baba yake nacin sai ya sake taka makiyayar sama, inda ya yi ƙuruciyarsa yana kai shanu. Likita ta ce zuciyarsa ta gaji, tafiya a hankali ba laifi, amma ban da kaya mai nauyi, ban da kwana cikin sanyi. Ga shi tun da ƙasa ta zaftare doki ba ya wuce hanyar, komai sai a gadon baya. Ni kuwa a raina na san in ba bana ba, shi ke nan, ba zai ƙara ganin wurin ba.

Sai ga shi ya fito da baƙin ponchon nan nasa, mayafin ulu mai ramin wuya, da tulin buzayen sirdi, wai da su ya saba kwana. Na ɗaga na ji kamar buhun dankali. Na shimfiɗa masa jakarka, ya shiga da ƙyar, ina jan zif ɗin har haɓa ya soma ihu wai in fitar da shi, lokacin shigarsa akwatin gawa bai yi ba. Ya ce makiyayi ba ya barci ƙafa a ɗaure, in puma, damisar dutsen nan, ta faɗo wa garke da me zai tashi? Na tuna masa ba shi da ko saniya ɗaya yanzu. Ya ce ai ƙafafun dai nasa ne.

Haka muka ɗauki jakar har Coyhaique, wani shagon kayan hawan dutse. Mai shagon ta saurare shi, ta ɗauko wani bargo cushe da gashin tsuntsu, ba zif, ba baya, sai ɗan aljihun sa ƙafa. Ta ce gashin da mutum ya danne da jikinsa dama ba ya ɗumama kowa, a sa shimfiɗa a ƙasa a rufa da wannan, ya isa lokacin zafi. Baba ya auna shi a tafin hannu ya ce burodi ma ya fi shi nauyi, abin da bai danne mutum ba ta yaya zai ɗumama shi? Da ƙyar muka daidaita: buzu ɗaya a ƙasa, bargon a sama, poncho ya zauna gida. Ya yi ta fushi da ni har muka dawo.

Mun hau a hankali, ni da shi da Aladino, muna tafiya muna hutawa. Nibaldo, na manta girman wurin nan. Muna fitowa daga cikin itatuwa sai fili ya buɗe, ciyawa har gwiwa, tafkin nan shuɗi shar, ga dutsen a tsaye da ƙanƙara a kafaɗunsa, ruwa na zubowa daga gare shi ba ƙaƙƙautawa. Baba ya cire hula, ya daɗe bai mayar ba. Da yamma ya ƙi shiga tanti, ya shimfiɗa buzunsa a gindin wani falalen dutse, ya samo duwatsu ya ɗora a gefunan bargon, wai don ya ji an rufe shi da wani abu. Aladino ya yi dariya har da hawaye.

Ka san Baba. Tun muna yara ba mu taɓa buɗe ido ba face mun tarar ya hura wuta, ruwan shayin mate yana kan murhu, yana kiranmu ragwaye. Da safe na fito daga tanti, gari ya waye tangaram, raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat. Ba wuta, ba hayaƙi. Yana can kwance yadda na bar shi, ƙanƙara ta yi wa bargon fari, ko motsi babu. Na ce shi ke nan, na raba tsoho da ponchonsa na kawo shi sanyi ya kashe shi, me zan gaya wa Nibaldo? Na rarrafa na cusa hannu ƙarƙashin bargon, sai na ji ɗumi kamar cikin tanda. Mutumin nan barci yake, har da ɗan munshari!

Kukana ne ya tashe shi. Ya buɗe ido daidai lokacin da rana ta taɓa kan dutsen, ƙanƙarar ta koma ja, jan ya yi ta gangarowa a hankali har ya sauka cikin tafkin, ruwan ya ɗauka. Na yunƙura zan hura wuta, ya riƙe mini hannu. Haka muka yi ta kallo, shi a kwance, ni a durƙushe. Can ya ce ashe duk tsawon shekarun nan ba ƙwazo ne yake tashinsa da asuba ba, sanyi ne. Ya ce ya yi rabin rayuwarsa a filin nan, amma duk sa'ad da rana ke yin wannan abu shi yana duƙe yana busa wuta ko yana ƙirga shanu, bai taɓa gani ba sai yau. Ni ce na dafa masa mate, karo na farko a duniya, ya sha a kwance.

Mun sauko lafiya, sai dai saukowar ta ba shi wuya ƙwarai, shi ma ya san abin da na sani. Ya naɗe bargon da hannunsa ya ajiye tare da buzun. Ya ce in gaya maka ka nemi hutu Janairu mai zuwa, ko da shi bai iya hawa ba, ka je ka kwanta a gindin falalen nan. Ya ce kuma kada ka kuskura ka tashi da wuri.

Ka gaishe mini da Yasna, ka shafa mini kan Maite da Eleodoro. Aladino da Gwaggo Clorinda suna gaishe ku. Baba yana barci, in ya tashi zan ce ka gaishe shi.

Yayarka mai ƙaunarka,
Herminda