Sunan da Ba Na Faɗa

Magarya

Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen Yekuwa? Mu nan lafiya lau, in ban da barci da ya ƙaurace mana.

Inna, don Allah me kika yi wa yarinyar nan? Na kai miki ita yaye tana barci ko a bayan amalanke, kin maido min da mai gadi. Da an yi isha'i in wanke ta, in shafa mata mai, in saki sange saboda sauro, sai ta kama hannuna ta ɗora a kanta, ta ce in faɗa. In faɗi me? Na yi addu'a, na yi tatsuniya, har waƙar da muke koya wa 'yan makaranta a lakwal na rera. Sai ta ture hannuna ta juya bango tana kiranki, wai Ya Kaka. Wannan juyawar ita ke cin raina, wallahi.

Ni da surukinki Rilwanu kullum sai mun yi. Ni na ce yaro da lokacinsa, a kashe fitila, in ya yi kuka ya gaji zai yi shiru. Shi kuwa ko tari ta yi ya sunkuce ta, ya ɗora a moto su zaga gari. Tana yin barcin, amma yana kashe moto take buɗe ido.

Hinda mai ƙuli za ta komo ran kasuwa. Ki faɗa mata sirrin, kada ki rage komai.

'Yarki,
Habsatu

Magarya

Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, saƙonki ya iso. Hinda sai da ta gama dariyarta kafin ta faɗa. Ashe gidan kike kwantarwa ɗaya bayan ɗaya: akuya ta yi barci, jaki ya yi barci, turmi da taɓarya sun yi barci, sannan a ƙarshe ki kira sunanta ki ce ita ma ta yi.

Daren ranar na gwada. Mu ba mu da jaki, sai na kwantar da moto da firijin maƙwabta. Tana ji, idonta na lumshewa. Da na zo ƙarshe sai bakina ya yi nauyi, na ce “yarinya ma ta yi barci.” Ta buɗe ido tarwai tana kallona, tana jira.

Kin san 'yar fari ce. Tun ranar suna ban taɓa kama sunanta ba, yadda na ga ana yi a gidanmu. Rilwanu, da ba ruwansa da wannan kunya, ya leƙo ya ce shi bari ya faɗa. Ya faɗa har da rangwaɗa, ta ƙi. Hannuna ne a kanta, bakina take jira.

Na kore shi, na tura ƙofa, na sunkuya daidai kunnenta na ce Mubaraka ta yi barci. Kin ga har na rubuta. Ta yi ajiyar zuciya, ta riƙe ɗan yatsana, shi ke nan. Ni ce na kasa tashi, na zauna ina ta maimaita shi a hankali, don ban san haka yake da daɗi a baki ba.

Yanzu saura tambaya ɗaya, kuma kada ki bi da amsar ta bakin Hinda, ki bari sai na zo. Ni ma 'yar fari ce. Na girma ina amsa “ke” da “waccan”, ban taɓa jin Habsatu a bakinki ba. In na yi barci fa, Inna, kina faɗa?

A gaida Baba da kowa da kowa.

Taki,
Habsatu