Firjin Dillali

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, da fatan kana lafiya, kuma ciwon nan bai leƙo wurin gininku ba. Yaya tarin nan naka na ƙurar siminti? Don Allah ka riƙa danne shi a gaban mutane, yanzu ko atishawa ka yi sai a watse a bar ka. Inna na sa maka albarka, 'yan biyu na tambayar ka. Direban motar magani ne zai kawo maka wannan, tun da aka sa dokar kulle shi kaɗai ake bari ya wuce shinge.

Ba zan ɓoye maka ba, tun da aka rufe makarantar da nake wa shara, sau ɗaya nake ɗora tukunya a wuni. Ni da yara ma daure, amma ka san maganin Inna ba a shan sa ciki ba komai. Shekaranjiya ta sha shi haka, jiri ya kwashe ta a bakin famfo.

An dai ce za a zo rajistar tallafin abinci. Ɗaki-ɗaki za su bi su ga halin kowa da idonsu, wanda ya cancanta a ba shi kati, ya riƙa karɓar shinkafa da wake da mai duk wata har annobar ta lafa. Na sa rai ƙwarai.

Abokinka Dillali na gidan hayarmu, da ka bar wa amanarmu, ya tuna da mu jiya. Wai rufin ɗakinsa na yoyo, in ajiye masa firji da talabijin da kujerun kushin kafin a gyara. Yanzu da ƙyar muke samun wurin shimfiɗa, amma Inna sai murna take, wai ɗakinmu ya zama na mutane.

Ka kula da kanka. Allah ya buɗe hanya.

Taka,
Maman 'Yan Biyu


Maigida,

Bayan sallama da tambayar lafiyarka, ina rubuta maka wannan raina a ɓace.

Masu rajista sun zo. Ka san halin mahaifiyarka da baƙi. Tun da safe ta sa ni na share ɗaki, na goge firjin nan har yana ɗaukar ido, ta yafa wa talabijin mayafinta mai kyau. Da suka shigo, wata budurwa da takunkumi da safar hannu ta tambaye ta yadda muke fama. Inna ta ce sai godiya, ba mu rasa komai ba. Matar da ta kwana da yunwa! Sannan ta umarce ni in ba baƙi ruwan sanyi, wanda shi kaɗai ne abin da ke cikin firjin.

Budurwar ba ta sha ba. Taɓa gorar kawai ta yi, ta dubi firji, ta dubi kujeru. Na ce mata kayan maƙwabci ne, Inna na mintsinina wai kada in tona mana asiri. Budurwar ta ce kowane gida haka ake gaya mata, ta fita.

Daga nan suka shiga ɗakin abokinka. Na leƙa. Tabarma ɗaya, tukunya a kife, shi kuma yana zaune da singileti mai huji, ya langaɓe kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ɗaga ido na dubi rufin, ko tabon ruwa babu. Sai a lokacin na tuna rabonmu da ruwan sama tun kafin ka tafi. Shi aka ba kati, mu aka ce muna da hali.

Yanzu matarsa na dafa shinkafar tallafi ta zubar da ragowa a kwatar tsakar gida, 'yan biyu na tsaye suna kallo. Jiya ta aiko mana da ƙanzo a murfin kwano, tana ɗaga murya don kowa ya ji ta yi sadaka. Na karɓa saboda maganin Inna.

A gaida abokan aiki.

Matarka


Maigida,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonka, ka ce in yi haƙuri, wataƙila Dillali bai yi da gangan ba. To saurara.

Na je ofishin koke, na wuni a layi cikin rana, har aka yarda a sake zuwa. Aka tara mu a tsakar gida, aka tambaye shi ko kayan nasa ne. Mutumin nan ya ɗaga hannu sama ya rantse da Allah bai taɓa mallakar firji ba, wai hassada ce ke cina. Na dubi 'yan haya, mutanen da suka shekara suna kai masa ruwa ya sanyaya musu. Kowa ya sunkuyar da kai, don shi ke karɓar wa mai gidan nan kuɗin haya. Masu rajista suka ce magana ta ƙare, kaya nawa ne.

Da yamma sai ga shi a ƙofarmu yana murmushi, wai in yi haƙuri, zamani ne ya zo da haka, ya zo kwashe kayansa. Ko kunya! Na tuna masa cewa ba shi da firji, ni shaida ce, duk gidan nan shaida ne.

Washegari na kira mai shagon bakin titi. Ya zo da baro ya ɗauki firjin, muka bi ta ƙofar Dillali a hankali. Baron ya dawo da buhun shinkafa da wake da galan ɗin mai. Abokinka na tsaye yana huci a cikin takunkumi, ya kasa hana mu, don in ya ce nasa ne, katinsa ya tafi.

Inna na shan maganinta a kan lokaci, jirin ya bar ta. Ba ta tambaye ni daga ina abincin ya fito ba, amma ta daina zama a kujerun nan. Ni ma ba na jin daɗin ko loma ɗaya. Ban taɓa cin abin wani ba sai da mutumin nan ya koya mini, kuma wannan ya fi komai ba ni ƙyama.

In ka dawo, kada ka ce in gaishe shi. An ce za a ƙara wa'adin kulle, amma kada ka damu da mu. Wata mai zuwa talabijin za mu ci.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman 'Yan Biyu